Idan ɗan gida ya ce bai yarda da Allah ba

Ranar 5 ga Afrilun 2022 wata babbar kotun jiha a Kano ta yanke wa Mubarak Bala ɗaurin shekara 24, bayan ya amsa tuhume-tuhume 18 kan abubuwan da ya rubuta a Facebook, waɗanda aka ce ɓatanci ne ga addini da Manzon Allah (SAW). Tun ranar 28 ga Afrilun 2020 aka kama shi a Kaduna, ana cikin azumi ana kuma cikin kullen korona, aka kawo shi Kano. A Disambar wannan shekarar wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a sake shi, aka yi kunnen uwar shegu da umarnin. Sai a Mayun 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukuncin ya yi tsauri, ta mayar da shi shekara biyar. Yanzu ya fita, ya ma bar ƙasar.

Ni Musulmi ne, kuma na ga wasu daga cikin rubuce-rubucen nan lokacin da ake yawo da su a waya. Sun sosa mini rai kamar yadda suka sosa wa kowa. Wanda ya tashi a Kano ya san matsayin Manzon Allah (SAW) a zukatan mutanen garin, ya kuma san abin da kalma irin wannan ke iya haifarwa. Ba zan tsaya ina wanke wannan ba. Amma labarin mutumin nan bai fara daga 2020 ba, kuma farkonsa ne ya fi damuna. A 2014, lokacin da ya shaida wa danginsa cewa ya daina yarda da samuwar Allah, asibiti aka kai shi, sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, ya yi kwana 18 a can. Injiniya ne, ya yi karatu, yana magana a tsare. Amsar farko da ya samu ita ce: ka haukace.

Ban ga laifin firgicin iyaye ba. Uwar da ta yi imani da wuta da aljanna, ta ji ɗanta ya faɗi haka, dole hankalinta ya tashi fiye da a ce mata mota ta buge shi. Abin da nake cewa shi ne, mu a matsayin al'umma ba mu da wata amsa da muka tanada wa wanda ya zo da irin wannan magana, ban da guda uku da muka saba: ko mahaukaci ne, ko aljanu ne, ko Turawa ne suka ba shi kuɗi. Duk ukun hanyoyi ne na guje wa sauraron abin da ya ce. Kuma mun cakuɗa abubuwan da ba ɗaya ba ne. Mai shakka daban, wanda ya bar imani ya kama bakinsa daban, wanda ya fito yana zagin abin da mutane ke girmamawa daban. Mu kuwa da tsintsiya ɗaya muke share su.

Abin mamaki, zama da marar addini ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A shiga Kantin Kwari a tambayi manyan 'yan kasuwa da wa suke hulɗa a Guangzhou. Mutum zai tura miliyoyi ga ɗan China da bai taɓa yin sujada ga kowa ba, a loda masa kwantena bisa amana, in ya je can su ci abinci a teburi ɗaya, ɗan Chinan ma ya nema masa wurin cin halal. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa kusan mutum ɗaya ne cikin goma na manyan China ke danganta kansa da wani addini. Ban taɓa jin Alhajin da ya fasa ciniki saboda haka ba. Yana dawowa ma sai ka ji yana yaba musu: ba sa saɓa alkawari, ba sa wasa da lokaci. Kafin 'yan China kuma akwai Maguzawa, Hausawa 'yan uwanmu da suka zauna ɗaruruwan shekaru a ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau kan al'adarsu, ana cin kasuwa ɗaya da su, har bayan jihadi. Ashe ba rashin imanin ne ba ma iya zama da shi ba. Ɗan gida ne ba ma iya jurewa. Na baƙo muna ce masa ra'ayinsa ne, na gida muna ce masa cin amana.

Akwai dalilin da ya sa haka, kuma ba na raina shi. A wurinmu addini ba rigar da mutum ke sa wa shi kaɗai ba ce. Da shi ake raɗa maka suna, da shi ake ɗaura maka aure, da shi ake raba gado, da shi za a sallace ka a kai ka makwanci. Wanda ya ce ya fita, kamar ya ce wa dangi duka ya fita daga cikinsu ne. To amma zafin abu ba ya mayar da kowace irin amsa daidai.

Mu koma zaure. Duk wanda ya yi karatun tauhidi a gaban malaman gargajiya ya san ba a fara shi da tsawa. Ana farawa ne da hukuncin hankali: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Abin da hankali ba zai karɓi rashinsa ba, abin da ba zai karɓi samuwarsa ba, da abin da zai iya kasancewa ko ya ƙi kasancewa. Daga nan a shiga sifofi ashirin, kowace da dalilinta. Littafin Imam Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, Ummul Barahin, ya yi ƙarnoni ana karanta shi daga Timbuktu zuwa Katsina zuwa Barno, kuma a cikinsa ɗalibi zai tarar da hujjar samuwar Allah a shimfiɗe: duniya fararriya ce, fararren abu kuwa ba ya farar da kansa. Wato tambayar "mene ne dalilin cewa akwai Allah?" tambaya ce da malam da kansa yake jefa wa ɗalibi, ya kuma jira amsa. Har ta kai a zamanin Shehu Usmanu wasu ɗalibai suka wuce gona da iri, suna tare talakawa da tambayoyin tauhidi, wanda ya kasa kawo dalili su kafirta shi. Shehu ya yi rubuce-rubuce da dama yana yi musu raddi, yana cewa imanin talaka ingantacce ne ko bai iya jera hujjoji ba. Duba inda rigimar take a wancan lokacin: ana jayayya ne kan ko imani ba tare da sanin dalili ba ya wadatar. Babu ɓangaren da ya ce neman dalilin laifi ne. Yau mun juye gaba ɗaya.

Wani maƙwabcina ya taɓa ba mu labari a majalisa bayan sallar isha'i, yana ba da shi ne ma a matsayin abin alfahari. Yaronsa ɗan aji uku a Islamiyya ya ɗaga hannu ana darasin tauhidi ya ce, "Malam, in Allah ne ya halicci komai, to Shi wa ya halicce Shi?" Malamin ya sa aka riƙe shi, ya zuba masa bulala a gaban 'yan aji, ya kuma aiko a kira uban. Uban ya je ya ba da haƙuri, ya dawo gida ya ƙara wa yaron nasa, washegari aka karɓo rubutu aka ba shi ya sha. Wani dattijo da ke zaune a gefen tabarma, wanda ba ya cika magana ba, ya ce, "To Alhaji, bayan an gama dukan, wa ya ba shi amsar?" Alhaji ya ce ai irin wannan ba ta da amsa sai bulala. Dattijon ya ce, "Tana da ita. Ni a zauren malaminmu aka ba ni ita ina ƙarami. Wanda aka fara shi ne ke buƙatar mai farawa. Allah ba a fara Shi ba." Ya ɗauki butarsa ya shige gida.

Tambayar yaron nan fa tana cikin hadisi. Manzon Allah (SAW) ya faɗa cewa za ta zo wa mutane a zuci, ya kuma koyar da abin da za a yi in ta zo: a nemi tsari, a tsaya, a ce na yi imani da Allah. Bai ce a ɗauko dorina ba. A Sahihu Muslim an ruwaito wasu sahabbai sun zo wurin Manzo suna cewa suna jin abubuwa a ransu da ba za su iya furtawa ba saboda girmansu. Ya tambaye su ko da gaske suna jin nauyin haka, suka ce e, ya ce wannan shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi Ubangijinsa ya nuna masa yadda yake rayar da matattu, aka ce masa ko ba ka yi imani ba ne, ya ce na yi, sai dai don zuciyata ta natsu. Yana nan a aya ta 260 ta Baƙara, yara na haddace ta kullum. Masu wa'azinmu kuma suna son labarin nan na Imam Abu Hanifa da Dahriyya, masu cewa duniya ita ta yi kanta, inda ya makara zuwa wurin muƙabala ya ce jirgin ruwa ne ya harhaɗa kansa ba kafinta ya ƙetaro da shi. Ana ba da labarin ana dariyar yadda aka ƙure su. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a cikin labarin an sa rana, an tara jama'a, an ba su dama sun yi magana, kuma da hujja aka kayar da su.

Ba ina cewa tarihinmu duk haƙuri ne ba. Halifa Mahadi na Abbasiyawa ya farauci waɗanda ake kira zindiƙai, an kashe sufin nan Hallaj a Bagadaza a 922. Amma a cikin wannan tarihin ne kuma Abul Ala al-Ma'arri, makahon mawaƙin Sham wanda baitocinsa ke cike da shakku kan addinai, ya rayu fiye da shekara tamanin a garinsu, ɗalibai na zuwa ɗaukar karatun lugga a wurinsa, ya rasu a gidansa a 1057. Sai a 2013, ana yaƙin Siriya, wasu masu ɗauke da makamai suka sare kan mutum-mutuminsa. Mutanen zamaninsa sun iya zama da shi da ransa.

Me tilas ke haifarwa? Wani matashi ɗan abokina, yana shekarar ƙarshe a jami'a, ya same ni wata rana da yamma ya ce yana son magana amma kada babansa ya ji. Ya daɗe yana juya wayarsa a hannu kafin ya ce, "Kawu, wallahi ni sallar nan yi kawai nake." (Na lura da wallahin, ban dai ce komai ba.) Ƙanwarsa ce ta rasu tana ƙarama bayan doguwar jinya ta sikila, tun daga nan yake tambayar kansa me yarinyar ta yi. Ya kai tambayar wurin wani malami, malamin ya ce ya yi istigfari ya bar karanta littattafan Yahudawa. Shi kuwa ba littafin da ya karanta, gawa ya ɗauka. Da ya rasa mai saurare sai ya shiga intanet, a can ya tarar da mutane a shirye, da Turanci da Larabci, masu haƙurin amsa masa har ƙarfe biyun dare, kuma duk amsarsu ɗaya ce: babu kowa a sama. Yana sahun gaba a masallacin unguwarsu. Babansa na alfahari da shi.

Ba ni da amsar da za ta share masa hawaye a zama ɗaya, kuma mas'alar wahalar marar laifi ta girmi ni da shi, malaman kalam, wato masana tauhidi, sun yi ta fama da ita, surar Kahfi ma ta taɓo ta a ƙissar Annabi Musa da Halliru. Abin da na iya shi ne na saurare shi har ya gama, na ce ya dawo. Yana dawowa. Inda zai ƙare, Allah ne masani.

Irinsa nawa ne a sahu? Ba wanda zai iya ƙirgawa, domin mun tabbatar ba za su faɗa ba. Wannan ita ce ribar da muka ci daga shari'o'i irin na 2022: duk mai shakka ya koyi darasi, kuma darasin ba "ka yi imani" ba ne, "ka yi shiru" ne. Miki ne aka ɗaure da tsumma ba a wanke ba, daga waje ba a ganin komai, daga ciki yana ci. Alƙur'ani kuwa ya sanya munafukai a can ƙasan wuta, ƙasa da wanda ya fito fili ya ce bai yarda ba. In haka ne, al'ummar da ke tura mai shakka zuwa munafunci da hannunta ba taimakon addini take yi ba. Ayar "babu tilastawa a addini" kowa ya san ta. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta 99 a surar Yunus, inda aka ce wa Manzo da kansa: da Ubangijinka ya so da duk waɗanda ke bayan ƙasa sun yi imani gaba ɗaya, shin kai ne za ka tilasta mutane har su zama muminai?

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiyar tambaya: ina hukuncin ridda? Yana nan a littattafan fiƙihu, ba zan ɓoye shi ba. A mazhabar Malikiyya ana neman mai ridda ya tuba har kwana uku, in ya ƙi a zartar masa da hukunci, kuma hukuncin wanda ya zagi Annabi ya fi haka tsanani. Amma littattafan da suka faɗi haka su ne kuma suka ce aikin shugaba ne da alƙali, da shaidu, da tabbatarwa, ba aikin 'yan unguwa ba. Sannan malamai na wannan zamani sun yi saɓani mai faɗi kan ko hukuncin na sauya aƙida ne kawai, ko na wanda ya haɗa ficewarsa da yaƙar al'umma, kamar yadda abin yake a zamanin da barin addini ke nufin komawa rundunar abokan gaba. Ko jihohinmu da suka kafa dokokin shari'a daga shekarar 2000 ba su sa ridda cikin jerin laifuffuka ba, domin sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini har da 'yancin sauya shi. Shi ya sa ba a tuhumi Mubarak Bala da ridda ba. A babbar kotun jiha aka gurfanar da shi, kan cin mutuncin addini da abin da ka iya tada zaune tsaye.

Sudan ta gwada ɗaya hanyar. A Janairun 1985 gwamnatin Shugaba Numairi ta rataye Mahmud Muhammad Taha a Khartum bisa tuhumar ridda, dattijo mai shekara 76, mai sallah da azumi, wanda laifinsa na zahiri shi ne sukar dokokin Numairi. Ba a cika wata uku ba aka kifar da gwamnatin, a 1986 kuma kotun ƙoli ta ce hukuncin bai inganta ba. Mutumin dai ya riga ya tafi. A Yulin 2020 Sudan ta cire hukuncin ridda daga dokokinta. Abin lura a nan shi ne wanda takobin ya fara sara: ba mai musun samuwar Allah ba ne, Musulmi ne da ya saɓa wa mai mulki.

Haka abin yake a titi ma. Ranar 12 ga Mayun 2022 ɗalibai suka kashe Deborah Samuel, wata ɗaliba Kirista, a kwalejin ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato kan zargin ɓatanci, suka ƙona gawarta, suka ɗauka a waya. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, amma da yawa daga cikinmu sun yi ta neman uzuri. Shekara guda bayan haka, a Yunin 2023, a garin dai, taron jama'a ya jefe wani mahauci har lahira kan zargin ɓatanci. Shi Musulmi ne. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar da aka yarda cewa ihun mutum ɗaya a kasuwa ya isa hujja, daga ranar ba wanda ya tsira, ko da carbi a hannunsa, domin duk mai bin ka bashi ko mai jin haushinka ya samu makami. Usama bin Zaid ya kashe mutum a fagen yaƙi bayan ya furta shahada, ya ce don tsoron takobi ya faɗa. Manzon Allah ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani, ya yi ta maimaitawa har Usama ya yi fatan a ranar ya musulunta. A fagen yaƙi ke nan.

Yanzu bari in juya ga ɗaya ɓangaren, domin mutuntawa ba hanya ce mai zuwa ba dawowa ba. Akwai samari 'yan arewa, yawanci da sunayen aro, da suka mayar da rashin imaninsu sana'ar izgili. Duk mai sallah a wurinsu daƙiƙi ne, duk talaucin arewa addini ne ya kawo shi, kamar babu ɓarayin gwamnati, kamar Malesiya da Turkiyya ba Musulmi ba ne. Wanda ke neman a mutunta 'yancinsa na ƙin yarda, ya fara da mutunta tsohuwar da ta goya shi tana salati. Kana da damar cewa hujjar ba ta gamsar da kai ba. Wannan magana ce, ana iya zama a kanta. Amma ka zaɓi kalmar da ka san za ta ƙona zuciyar miliyoyin mutane, ka jefa ta cikin watan azumi, sannan ka kira abin neman gaskiya, wannan tsokana ce, kuma waɗanda ke biyan kuɗinta su ne masu shakkar da ba su zagi kowa ba, da Kiristocin da ke zaune a unguwannin da wuta ke fara kamawa. A Janairun 2015, zanen izgili ga Annabi da wata mujalla ta buga a birnin Paris ne ya jawo aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka. Masu zanen suna can, waɗanda aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana komai ba. Laifin ƙonawa na wanda ya ƙyasta ashana ne, ban rage masa komai ba. Amma mai hankali yana duba inda maganarsa za ta sauka.

Kuma kada wani ya ce mana rashin addini shi ne maganin zalunci. Albaniya a ƙarƙashin Enver Hoxha ta ayyana kanta ƙasar da ba addini a 1967, ta rufe masallatai da coci-coci sama da dubu biyu, ta ɗaure limamai da fada-fada. A Moscow, a 1931, gwamnatin Stalin ta sa nakiya ta rushe babbar cocin birnin. Faransa da ke koya wa duniya 'yanci ta hana 'yan mata sa ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, ta ƙara da abaya a 2023. Duk wanda ya samu iko ya kuma tabbata shi kaɗai ke da gaskiya, hannunsa na ƙaiƙayin tilasta wa mutane, ko da rawani ko ba rawani. Mu da muke jin zafi in an cire wa 'yarmu hijabi a wata ƙasa da sunan rinjaye, ya kamata mu fi kowa gane yadda abin yake in rinjayen ya dawo hannunmu.

Ita ma ƙa'idar hana zagi, a kanmu ta fara sauka. Aya ta 108 a surar An'am ta hana Musulmi zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Gumaka ake magana a kai fa. Sashe na 210 na dokar Penal Code ma cewa ya yi kowane addini, bai ware ɗaya ba. Da ana aiki da shi ba son kai, da wasu masu riƙe da makirufo a wuraren wa'azi sun riga kowa zuwa gaban alƙali, saboda abin da suke faɗa kan Kiristoci, da ma kan 'yan uwansu Musulmi na wata ɗariƙa ko ƙungiya. A Afrilun 2025 kotun ECOWAS ta ce dokokin ɓatanci na Kano sun saɓa wa yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da Najeriya ta sa wa hannu, gwamnatin jihar ta ce tana nan kan bakanta. Ni ban ga aibin a samu dokar da ke hana tunzura jama'a da gangan ba a ƙasa irin tamu. Sharaɗina shi ne ta hau kan kowa, hukuncinta ya yi daidai da laifin, kuma ta tsaya kan abin da mutum ya yi wa jama'a, kada ta leƙa abin da ke ƙirjinsa.

Mutunta mutum ba yarda da maganarsa ba ne. Ina ganin wanda ya ce babu Allah ya yi kuskure mafi girma da ɗan Adam zai iya yi, shi ma yana ganin na gina rayuwata kan abin da babu. Ba sai ɗayanmu ya sassauta ba kafin mu gaisa, in je masa jaje in gobara ta same shi, ya zo mini barka in an yi mini haihuwa. Mut'im bin Adi bai musulunta ba har ya mutu, amma shi ne ya ba Manzon Allah kariya ya shiga Makka bayan dawowa daga Ɗa'ifa, ya sa 'ya'yansa suka rataya makamai suka raka shi. Bayan Badar, Manzo ya ce da Mut'im na raye ya yi masa magana kan fursunonin nan da ya sakar masa su. Ɗansa Jubairu ya zo Madina kan batun fursunonin yana mushiriki, ya ji ana karanta surar Ɗur a sallar magariba, aka zo kan ayar da ke tambaya ko an halicce su ne ba daga komai ba, ko kuwa su ne masu halittar. Ya ce zuciyarsa ta kusa tashi sama. Daga baya ya musulunta. Da an kore shi daga bakin masallacin, da bai ji ayar ba.

Alƙaluman Pew sun ce a 2020 mutum biliyan 1.9 ne a duniya ba sa danganta kansu da kowane addini, kusan kashi 24 cikin ɗari, ko da yake ba dukansu ne ke musun samuwar Allah ba. 'Ya'yanmu na karatu tare da su a China da Indiya da Ingila, waɗanda ba su fita ba kuma suna haɗuwa da su a wayar da ke aljihunsu. Katangar da ta kare kakanninmu daga jin waɗannan maganganu ta faɗi, ba kuma mai sake gina ta. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba: malamanmu da yawa sun ƙware a raddin junansu kan ƙabalu da sadalu da maulidi, amma kaɗan ne za su iya zama da ɗalibin likitanci su tattauna ka'idar Darwin kan asalin halittu ba tare da sun fara da cewa ƙarya ce ta Yahudawa ba. Jami'ar Bayero, da ta Usmanu Danfodiyo, da Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar suna yaye masu digiri a fannin addini duk shekara. A cikinsu ya kamata a samu waɗanda aka horar musamman don wannan aiki, su san falsafa da kimiyya gwargwadon yadda suka san nahawu, su kuma iya jin magana mai ɗaci fuskarsu ba ta sauya ba.

Kafin a kai can, akwai abin da kowace Islamiyya da kowane masallacin jami'a zai iya farawa ba tare da kashe ko kwabo ba. A ajiye kwali a bakin ƙofa, duk mai tambaya ya rubuta ya jefa ba suna, a ware zama ɗaya a mako malam ya buɗe ya karanta da ƙarfi ya amsa, wadda bai sani ba ya ce a ba shi mako guda ya bincika. Sharaɗi ɗaya ne: ba za a bi sawun rubutun hannu don gano mai tambaya ba. Ina kyautata zaton takardun makon farko, rabinsu kan ƙaddara za su kasance.